Kabbara Ta Biyar

Alsawra, Umdurman,
Rajab, 1434.

Zuwa ga yayata Indo, a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanenki, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya lau, ke da maigida Alhaji Abdullah da yara baki ɗaya. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da kike ɓoye mini, don 'yarki Talatu ta riga ta tona asiri a waya, ta ce yanzu a zaune kike yin nafila. Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya raya miki zuriya. Ki yi haƙuri da Hausar tawa, kin san ta daɗe tana shan ruwan Nilu. In kin ga Larabci ya faɗo a ciki, ki tsince shi ki ajiye gefe ki ci gaba da karatu.

Mu nan alhamdu lillahi. Zafi ya kai inda ya kai, wuta kuma sai ta ga dama take leƙo mu. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle komai na kasuwa ya yi fuka-fuki, burodi kuwa kullum ƙanƙancewa yake yi, har matata Ni'mat ta ce nan gaba sai dai a riƙa haɗiye shi da ruwa kamar ƙwayar magani. Ita tana nan lafiya, bakinta bai mutu ba. 'Yarmu Shamsiyya ta gama sakandare tana jiran sakamako. 'Yar'uwarta Layla kuma ta daina amsa mini da Hausa, in na yi mata magana sai ta mayar mini da Larabci, wai Hausa ta tsofaffi ce. Sai ta'aziyyar Goggo Sittana, ƙanwar mahaifinmu, wadda na yi miki a gurguje ta waya, ina sake yi miki a nan. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da ɗan'uwanta a Aljanna. Ƙofar gidanta a rufe take yanzu, in na wuce ta layin sai in kau da kai.

Na san za ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Dalilin shi ne a waya ba na iya kai magana ƙarshenta. In na fara, kika jefo tambaya guda, shi ke nan na bi ta na manta inda na dosa. Sau da yawa na kira ki don in faɗa miki abin da zan faɗa yanzu, muka ƙare a zancen tsadar atamfa. Ita ma takardar ba a zama ɗaya na rubuta ta ba, na fara na ajiye har na gaji da kaina, sai da Ni'mat ta kwashe rediyo da waya ta zaunar da ni. Maganar limancin masallacin mahaifinmu Malam Ishaku ce, da alkawarin da na ɗauka a gabanki. Ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ranki ya ɓaci, don na san ki, fushinki yana rigan kunnenki isowa.

Kin tuna shekara biyu da suka wuce, lokacin da kika zo jinyar Malam. Ranar da ya ɗan samu sauƙi ya sa aka kira mu, ni ina gefen gado, ke kina wajen ƙafafunsa kina yi masa fifita. Ya sake ba mu tarihin da muka haddace tun muna yara: yadda kakanmu ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Hajji, ya yi shekaru a gonakin auduga na Jazira yana neman guzuri, ya je ya dawo, ƙafa ta ƙi ƙarasa hanyar gida, ya zauna a Umdurman yana jan mutanensa salla a rumfar zana. Da aka koma unguwar Alsawra Malam ya gina masallacin da laka, ya tsaya a gabansa har ƙarfinsa ya ƙare. Sannan ya kama hannuna ya ce kada in bari gaban masallacin nan ya fita daga gidanmu. Na ce na ɗauka. Ke kuma kika ce amin da ƙarfin da ya sa har ya yi murmushi. Tun daga nan ba ki taɓa ajiye waya ba sai kin tambaye ni yaya masallaci, ni kuma kullum amsata ɗaya ce, lafiya lau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya. Ba lafiya lau ba ne, kuma an daɗe ba lafiya ba.

Ba sai na gaya miki halina ba, ke kika yi renona. Ke ce mai neman takalmina kullum da safe. Ke ce kika bi sawuna ranar da aka aike ni sayen gawayi, kika same ni a bakin kogi ina kallon masu ƙera jirgin ruwa, kwandon ma ban san inda na yar ba. Yaran unguwa suka sa mini sarhan, wato wanda hankalinsa ya tafi kiwo. Kowa ya ce in na girma zan daina. To ga ni da furfura a gemu ban daina ba, sai dai na koyi ɓoyewa. Har yanzu in na hau mota daga kasuwa sai in manta in ƙyasta wa kumsari, wato yaron mota, yatsa ya tsayar da direba, in farga muna ƙarshen layi, in tako da ƙafa cikin rana. A shagon ɗinki za ki ga jallabiyoyi a yanke sun yi tuli, kowace na fara na bar ta don wata ta ja hankalina, mai ita ya zo in yi ta ba shi haƙuri. Amma in wani ɗinki ya kama ni, irin aikin wuya mai wahalar nan, sai in wuni ban ci ba ban sha ba, ko kirana ake yi ba na ji. Haka na haddace Alƙur'ani da wuri, shi ya sa mutane suke ganin da gangan nake yi. Wanda ya riƙe izu sittin a kansa, yaya za a ce ya kasa riƙe saƙon albasa? Ni'mat ta gaji da faɗa ta koma dabara. Ta ɗinka igiya a aljihun rigunana don ɗaura mabuɗi, ta kafa ƙusa a bakin ƙofa don hula da tabarau, ta hana yara ba ni saƙo biyu a lokaci guda. Ba don ita ba da tuni na zama abin nuni a unguwa.

Da aka tsayar da ni liman bayan rasuwar Malam, dattawa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Asuba da Magariba da Isha'i da sauƙi, don karatun bayyane yana riƙe ni, ina jin muryata ina bin ta, sauran raka'o'in na asirce kuma in lallaɓa in ƙarasa. Azahar da La'asar su ne azabata. Raka'a huɗu babu sauti, kuma da zarar na yi shiru sai duniya duka ta shigo mini: ƙarar fanka, jakin mai ruwa, raksha mai ƙafa uku da ta wuce da kiɗa, tarin wani dattijo da zan tsaya ina tunanin ko wane ne. In ɗago daga sujada ban san ko ta biyu ce ko ta uku ba, ga mutane a bayana sun damƙa mini amanar sallarsu. Sai in ji subhanallah daga sahu. Na gwada zobe, ina matsar da shi daga yatsa zuwa yatsa a kowace raka'a, tunda malamai sun yarda da haka. Sai matsalar ta koma ban san ko na matsar ba ko ban matsar ba. Na koma babin rafkanuwa da Malam ya karantar da mu, na samu hukuncin mutumin da kokwanto ya zame masa abokin kullum: ba ya bin kokwanton, sai ya wuce, in ya yi sallama ya kawo sujada biyu ta ba'adi. Na ji sanyi da na ga malamai magabata sun san da irina. Amma abin da aka sauƙaƙa wa mutum shi kaɗai, in ya hau kan jama'a kullum, nauyi ne. Azahar ba'adi, La'asar ba'adi, har masu gaggawa suka daina miƙewa bayan sallama, suna jira. Ban san wanda ya fara ba, amma yanzu ko a Kasuwar Umdurman in aka ce shagon Malam Ba'adi, nawa za a nuna. Ina dariya in an faɗa a gabana, amma wallahi yana yi mini ciwo.

Awadiyya, yayar Ni'mat da ke aikin jinya a Hartum, ita ce ta matsa in ga likita. Ranar farko da aka ba ni na manta da ita sarai, a ta biyu Ni'mat ta ƙetare gada da ni da kanta. Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta yi ta tambayata game da yarintata, tambayoyin da za ki rantse a gidanmu ta girma. Daga ƙarshe ta ce abin da ke damuna ba lalaci ba ne, ba aljanu ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ta ce yana da suna, a Larabci tarwatsewar hankali da yawan motsi, Turawa kuma suna ce masa ADHD. Da shi ake haihuwar mutum, wasu su rabu da yawancinsa in sun girma, wasu su tsufa da shi. Na ce mata ai ni ban da yawan motsi. Sai ta nuna mini ƙafata da ke ta rawa tun da na zauna, da hular da na yi ta cirewa ina mayarwa, ta ce ga manya motsin yakan koma cikin kai ne. A hanyar dawowa, muna kan gada, hawaye suka zubo mini a cikin mota gaban mutane. Bulalar makarantar allo na tuna, da shekarun da na yi ina istigfari ina ganin Shaiɗan ya fi samun ƙofa a wurina fiye da kowa. Ta rubuta mini magani, Awadiyya ta samo kwali guda da aka shigo da shi daga Masar. Yaya, makonnin da na yi ina shansa kaina ya yi tsit kamar kasuwa da hantsin Juma'a. Na ja La'asar raka'a huɗu cif, na san kowace da sunanta. Sai ya ƙare. Yana cikin magungunan da ake tsaurara wa, ga takunkumin da aka sa mana daga waje, ga halin da ƙasa ke ciki, Awadiyya ta zaga ko'ina babu. Da ban ɗanɗana ba da ya fi mini sauƙi. Abin da ya rage mini shawarwarin likitar ne: aiki ɗaya a lokaci ɗaya, tafiya a ƙafa bayan Asuba, waya ta riƙa tuna mini abubuwa. Suna taimakona a shago da gida, amma waya ba ta bin mutum cikin salla.

Cikin murnar samun sunan abin, na je na gaya wa Baffa Muntari, ƙanen Malam, tunda shi ne babba a masallaci yanzu. Bai ce komai marar daɗi ba, ya yi mini addu'a. Amma sai ya gaya wa wani don ya kare ni, wanin ya gaya wa wani, kafin a je ko'ina zance ya koma liman yana zuwa wurin likitan masu taɓin hankali. Wasu suka fara kai La'asar ɗinsu babban masallacin bakin titi. Wani da ba zan rubuta sunansa ba, don kin san shi kuma na san abin da za ki yi, ya faɗa a inda zan ji cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Sai kuma ga wani daga lajna, wato kwamitin unguwa na hukuma, ya zo da fara'arsa yana tambaya ko masallacin yana buƙatar a taimaka masa da liman. Kin san zamanin da muke ciki. In suka kawo nasu, tafsirin Hausa da tsofaffinmu suke zama su ji da azumi ya ƙare ke nan, a hankali sunan kakanmu ma ya bi shi. Raina ya ɓaci, kin kuma san bakina yana rigan hankalina. Na faɗa masa maganar da ba ta dace da liman ba. Na kuma ƙudurta ba zan sauka ba ko sahu zai koma mutum uku, saboda hannun Malam da ke cikin nawa ranar nan.

Ana cikin haka Goggo Sittana ta rasu. Na gaya miki an yi jana'iza lafiya, ban gaya miki sauran ba. An kai ta maƙabarta da hantsi a kan gadon igiya, jama'a sun cika, namu da Larabawan unguwa da mutanen kasuwa, don kin san Goggo ba ta da bare. Ɗanta Muhammad Auwal ya taso daga garin Madani tun da sassafe. Aka ajiye ta, aka ce liman ya matso. Kin san sallar gawa: kabbara huɗu a tsaye, addu'a a asirce, babu ruku'u babu sujada, babu kuma ƙabli ko ba'adi da za a yi gyara da su. Na shiga da tsoro, na ce wa kaina huɗu ce kawai, Mika'ilu, huɗu. Na yi ta farko, na yi ta biyu. Sai idona ya sauka a kan mayafin da aka rufa mata. Idon tela ne, ba ya tambayar izini. Na ga kalmasar bakinsa a karkace, ɗinkin ya yi tsalle a wuri guda ya dawo. Yaya, ɗinkina ne. Shekarar da na fara koyon keken ɗinki ta ba ni wannan mayafin, tob ɗinta, in kalmashe mata, na ɓata shi, kowa ya yi mini dariya, ita kuwa ta yafa shi ta zaga unguwa tana cewa ɗanta ne ya ɗinka. Ashe ta ajiye shi duk shekarun nan. Shi ke nan na tafi. Na koma tsakar gidanta, na ji ƙamshin turaren wutarta, na ji muryarta tana kirana in zo in ci kisra tun da zafinta. Bakina yana addu'a yana kabbara, ni kuwa ba na wurin. Da na dawo ban san inda nake ba. Na auna a raina na ga kamar saura ɗaya, na ɗaga murya na yi kabbara. Ta biyar ce.

Na ji subhanallah daga wurare daban-daban. Sannan na ji muryar Baffa Muntari ya yi sallama da ƙarfi, sahu-sahu suka bi shi. Haka hukuncin yake, in liman ya ƙara a kan huɗu ba a jiransa. Na sani, ni da kaina na sha karantar da shi. Amma sanin hukunci daban, jin mutane suna fita daga salla a bayanka kana tsaye kai kaɗai a gaban gawar goggonka daban. Na yi sallamata ni kaɗai. Aka ɗauke ta aka nufi kabari, na bi daga baya, ban iya sa hannu a ƙasar ba. A wurin zaman makoki Muhammad Auwal ya tambayi Baffa, ina zaune ina ji, ko sallar mahaifiyarsa ta yi ko sai an koma an sake a kan kabari. Baffa ya ce ta yi, babu abin da ya same ta. Da na je yi masa gaisuwa ya ɗaga hannu muka yi fatiha tare, amma bai dube ni ba. Ban ga laifinsa ba. Mutum sau ɗaya ake yi wa uwarsa salla, kuma wannan ce za ta zauna masa a rai.

Bayan an tashi daga makoki dattawa suka kira ni ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci, da La'asar sakaliya. Baffa ya fara da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ya yabi karatuna, ya yabi Malam, ya yi ta zagaye har tausayinsa ya kama ni. Na kawo shawarar da na kwana biyu ina juyawa: in riƙe sallolin bayyane da tarawihi da tafsiri, wani ya riƙe Azahar da La'asar. Sai wani tsoho da bai taɓa yi mini gori ba ya ce shawara ce mai kyau, amma liman ba na salloli biyar kaɗai ba ne, shi ake kira in an yi mutuwa, kuma mutuwa ba ta zaɓen ranar da kan mutum yake daidai. Ya ce shi ma ya kusa, kuma yana so ya tafi da kabbara huɗu. Bai faɗa da izgili ba, idonsa da ƙwalla. Wannan ta gama da ni. Na duba gidanmu babu wani namiji mai karatun da zai tsaya, Baffa kuma ya ce shi ba malami ba ne, kusancin malamai kawai ya samu. In muka ja lokaci za a kawo mana daga waje. Sai na ambaci Abubakar Sadiƙ, ɗalibin Malam ɗin nan mai gyaran famfo a unguwar Dar Salam, wanda ni na biya masa izun farko. Ba jininmu ba ne. Karatunsa bai kai nawa ba, shi ma ya sani, amma mutum ne da in ya tsaya ya tsaya. Ya ƙi, ya yi ta rantsuwa ba zai shiga gabana ba, sai da na ce umarni ne daga ɗan malaminsa. Na sa hannu a aljihu in ba shi mabuɗin masallaci, igiya tana nan, mabuɗi babu. Ashe na kwance shi a shago da rana don in yanke zare da bakinsa na bar shi a kan keke. Da a ce sun yi dariya da na ji sauƙi, amma ba wanda ya yi.

Washegari da Azahar na tsaya a sahun farko, daidai bayansa, inda suka ce in riƙa tsayawa don in gyara masa karatu in ya yi tuntuɓe. Ya yi kabbara, muka bi. Hankalina ya tafi kamar yadda ya saba, ya bi fanka, ya bi jakin mai ruwa, ya je kasuwa ya dawo. Da na farga sai na fara lalube ta nawa ce, ta nawa ce. Sai na ga bayan Abubakar Sadiƙ ya sunkuya, na sunkuya. Ya ɗago, na ɗago. Ba sai na sani ba, shi ya sani. A nan na tuna abin da kowane ɗalibi ya sani, cewa liman yana ɗauke wa mamu rafkanuwarsa matuƙar ba farilla ya bari ba. Ashe duk shekarun da na yi a bayan Malam, shi yake ɗauke mini, shi ya sa ban taɓa sanin girman abin ba. Tun ranar da muka binne shi ba wanda ya ɗauke mini sai a wannan Azahar ɗin. Muka yi sallama babu ba'adi, mutane suka miƙe suka tafi harkokinsu, ni kuwa na kasa tashi. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, shi ne sallar ta yi mini daɗi. Na so in ji baƙin ciki kaɗai, irin na wanda ya kasa riƙe amanar ubansa, sai ga sauƙi ya cakuɗu da shi. Har yau ban san yadda zan yi da wannan sauƙin ba.

To kin ji. Gaban masallacin ya fita daga gidanmu, kuma ta hannuna ya fita. Na je kabarin Malam na yi masa addu'a, amma shi ba zai amsa mini ba. Ke kaɗai ce kika rage cikin waɗanda suka ji alkawarin nan. Ba na neman ki ce na yi daidai, ba na kuma neman ki ce ciwo ne don haka babu komai, don akwai komai. Ina roƙon ki yafe mini a madadinsa, in zuciyarki ta iya. In ba ta iya yanzu ba zan jira, haƙuri ba baƙona ba ne. Abu ɗaya kawai: in kin kira, kada ki fasa tambayata yaya masallaci don tausayi. Ki tambaya kamar kullum. Zan gaya miki gaskiya yanzu, zan ce ana salla raka'a huɗu cif, kuma ƙanenki yana cikin masu bi.

Ki gaishe mini da Alhaji Abdullah da kyau, ki ce ina nan ina yi masa addu'ar kasuwa. Ki gaida Talatu mai tona asiri, da Nana A'isha da maigidanta da jaririnsu da ban gani ba tukuna, da Nagoggo in ya dawo daga makaranta. Ni'mat tana gaishe ki, ta ce turaren da kika ce ta haɗa miki yana tare da mai kawo takardar, ita ta ba shi da hannunta don kada ya biyo ta wurina. Shamsiyya da Layla suna gaida goggonsu. Baffa Muntari ya ce a gaishe ki, ya ce kada ki riƙe shi a rai. Abubakar Sadiƙ ma ya ce in isar da gaisuwarsa, yana jin nauyinki ƙwarai. Allah ya jiƙan Malam da Inna da Goggo Sittana, ya sa mu cika da imani, ya sada fuskokinmu da alheri kafin ƙasa ta rufe ido.

Wassalam. Ni ne ƙanenki mai ƙaunarki,
Mika'ilu ɗan Malam Ishaku.